ABUJA: Wa Ya Tambayi Masu Gida Yadda Suka Ji?

In mai karatu yana da takardar naira 20 a aljihunsa, wadda mutanenmu ke kira 'yar Murtala, to, ya fito da ita ya duba. A fuskarta akwai hoton marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban da ya yanke shawarar ɗauke hedkwatar Nijeriya daga Ikko zuwa Abuja. In ya juya bayanta kuwa, zai ga wata mace tana ginin tukunya. Wannan ita ce marigayiya Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Garinsu Kwali yana cikin yankin da aka yanka domin gina sabon birnin. Watau dai a takarda guda an haɗa wanda ya ba da umurni da mutanen da umurnin ya faɗa wa. Labarin na gaban kowa ya san shi. Amma abin da mutanen Ladi Kwali suka ji a ransu tun daga 1976 har zuwa yau, ba kasafai ake tsayawa a tambaye su ba.

YADDA AKA ZAƁI WURIN

A watan Agusta na 1975 ne gwamnatin Murtala ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar ƙasa. Dalilan a fili suke. Garin ya cika ya batse, teku da ƙorama sun kewaye shi ba wajen faɗaɗawa, ga shi kuma shi ne hedkwatar tarayya, shi ne na Jihar Legas, shi ne tashar jiragen ruwa da cibiyar ciniki. Bugu da ƙari, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba a 1970, saboda haka ana son wuri a tsakiyar ƙasa wanda kowa zai iya kira nasa. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disamba, ran 3 ga Fabrairu, 1976 kuma Murtala ya sanar wa ƙasa. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta yanki fili kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, ta danƙa shi duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe Murtala.

Babu mai hankalin da zai ce niyyar ba ta da kyau. Sai dai an ɗora shirin a kan zaton cewa mutanen da ke zaune a wurin 'yan kaɗan ne, don haka aka yi alkawarin za a kwashe su duka a kai su inda suka zaɓa a wajen yankin, gwamnati ta biya kuɗin. Da masana daga Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka shiga daji suka ƙidaya, sai aka tarar da ɗaruruwan garuruwa da ƙauyuka na Gbagyi da Gbari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da Egbura da Amwamwa, kowa da gonarsa da sarkinsa da maƙabartarsa. Binciken ya kuma nuna wani abin da ba a zata ba: noman da mutanen nan ke yi shi ne ke rage dajin da ƙudan tsando ke hayayyafa a ciki, in aka kwashe su gaba ɗaya sai ciwo ya mamaye wurin. Ashe waɗanda aka ɗauka cikas ne, su ne suka mai da ƙasar ta zaunu.

“ƘASAR DA BA TA KOWA BA”

Abin da masu zaɓen wurin suka nufa shi ne, yankin ba ya ƙarƙashin ikon ɗaya daga cikin manyan ƙabilun nan uku. Amma magana zarar bunu ce. Tafi-tafi sai zancen ya juye a bakin jama'a ya koma “Abuja ƙasa ce da ba ta kowa ba”. Yau ana jin wannan magana a motar haya da kasuwa da ofis, kuma galibin masu faɗarta ba su nufin cin zarafin kowa, so suke su ce su ma suna da haƙƙi a babban birnin ƙasarsu. Gaskiyarsu ce. To, amma a tsaya a auna yadda maganar ke sauka a kunnen dattijon da aka yanke cibiyarsa a Garki, aka binne uwarsa da ubansa a nan. Shi a wurinsa ana ce masa ne shi da kakanninsa ba kowa ba ne. Duk lokacin da shugabannin 'yan asalin yankin suka tara manema labarai, kusan ba sa tashi ba su koka da wannan kalma ba.

SAU NAWA AKA SAKE SHAWARA?

Da gwamnati ta ga kuɗin kwashe kowa ya fi ƙarfinta, sai a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta sake shawara: waɗanda ginin birni ya taɓa kai tsaye su kaɗai za a tayar, sauran su zauna. Aka kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a Jihar Neja, kan hanyar Kaduna. Aka mai da mutanen Maitama Kubwa. Madatsar ruwa ta Usuma, wadda birnin ke shan ruwanta, ita ma ta tashi ƙauyukan da ke bakinta. Ran 12 ga Disamba, 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, a 1992 kuma aka fito da sabuwar manufa ta barin mutane a inda suke a haɗa su cikin tsarin birni, aka fara da ƙauyen Garki. A 1999 aka koma ga shirin tayarwa, aka gina gidaje a Jibi domin mutanen ƙauyuka irin su Jabi da Kado da Gwarinpa. Gidajen sun kammala, mutane sun ɗaure kaya, sai aka wayi gari jami'an tsaro ne suka tare a ciki. Daga baya aka buɗe wasu matsugunan a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa, aikin yana tafiya yana tsayawa.

A takarda, wannan jerin shekaru ne kawai. A rayuwar magidanci kuwa, ma'anarsa ita ce tun yana saurayi ake ce masa kada ya yi gini mai ƙarfi domin za a tashe su, har ga shi ya yi furfura ba a tashe su ba, ba a kuma ce ya zauna ba. 'Ya'yansa sun girma sun isa aure, ba shi da ikon ƙara ɗaki ba tare da fargabar jan fenti a bango ba. Gonar da ya gada ta zama rukunin gidajen da ba ya iya shiga sai in aikin gadi ya samu. Irin wannan zaman jiran tsammani yana cin rai fiye da tashin da aka yi rana ɗaya aka gama.

ABIN DA DIYYA BA TA ƘIRGAWA

Tsarin mulki na 1999 ya tabbatar da cewa duk ƙasar yankin Abuja ta Gwamnatin Tarayya ce. Saboda haka diyyar da ake biya ta abin da ke bisa ƙasa ce: gini, amfanin gona, da itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da mangwaro. Ma'aikaci ya zo da takarda da alƙalami, ya ƙirga ɗakuna, ya ƙirga kunyoyin doya, ya rubuta farashi. Ya yi aikinsa yadda doka ta ce, ba wanda zai ga laifinsa.

Amma fa babu layi a takardarsa na kabarin kaka. Babu na inuwar da dattawa ke zama su raba gardama, ko na maƙwabciyar da mace za ta bar wa yaro ta tafi rafi. Manomin da aka ba gidan bulo mai rufin kwano ba tare da gona ba, an ba shi wurin kwana an ƙwace masa sana'a, tare da mutuncin da yake da shi na mai ciyar da gida da guminsa. Unguwannin Maitama da Asokoro, inda fili ya fi ko'ina tsada a Abuja, sunayen ƙauyuka ne suke ɗauke da su. Kalmar Aso ma, wadda fadar shugaban ƙasa ta samo suna daga dutsenta, an ce nasara take nufi a harshen Gbagyi. Sunayen sun zauna a allunan titi, masu sunan suna can bayan gari.

Ga kuma zancen wakilci. Mutumin Abuja ba ya zaɓen gwamna, ba shi da majalisar dokoki ta jiha. Ministan da shugaban ƙasa ya naɗa shi ke gudanar da yankin. Sanata ɗaya gare su, da 'yan Majalisar Wakilai biyu, da ƙananan hukumomi shida: Birnin Abuja, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Sai da aka je har Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ta yanke hukunci a 2018 cewa 'yan asalin yankin sun cancanci kujerar minista, kuma sai a 2023 aka naɗa na farko daga cikinsu, Zephaniah Jisalo. Shekara 47 ke nan bayan dokar 1976.

INA RUWAN BAHAUSHE?

Ruwansa da yawa. Da farko dai a duba harshe. In aka ce mutum bagwari ne a wata sana'a, ana nufin bai iya ba. In magana ba ta fita daidai, sai a ce gwaranci. In ana son a yi wa mutum bayani dalla-dalla kamar wanda ba ya saurin ganewa, sai a ce a yi masa gwari-gwari. Kalmomin sun zauna a baki har ba a jin nauyinsu, amma mutumin da sunan ƙabilarsa ne aka mai da ma'aunin rashin iyawa yana ji, musamman da yake galibinsu suna jin Hausa sarai. Shi ya sa da yawa daga cikinsu suka fi son a kira su da sunan da suke kiran kansu, watau Gbagyi. Ana yi wa matansu dariya don suna ɗaukar kaya a kafaɗa, alhali a al'adarsu kai shi ne sarkin jiki, mai ɗauke da tunani, bai kamata a ɗora masa kaya ba. Wanda ya tambaya ya ji dalili, da wuya ya sake yin dariyar. Ita kuwa Ladi Kwali, da ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, a 1954, sai da tukwanenta suka kai ta Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da fasahar da ta koya a gida tun tana yarinya ta kai wannan matsayi.

Na biyu, tarihi. Sunan Abuja kansa na 'yan gudun hijira ne. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau na Haɓe Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka a Zuba cikin ƙasar Koro. Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, a tsakiyar Gbagyi da Koro. Zaman bai kasance na lumana kullum ba, an yi yaƙi an yi sulhu, an kuma yi auratayya. Da aka zo gina hedkwata, aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Duk wanda kakanninsa suka san ɗacin barin gida ba da son rai ba, shi ya fi dacewa ya gane ciwon wanda aka ce ya tattara ya bar nasa.

Na uku, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Malam Nasiru el-Rufa'i, an rushe unguwanni da dama da aka ce sun saɓa wa taswirar birni, irin su Karmo da Idu da wasu a kan hanyar filin jirgin sama. A wancan karon baƙi katafila ta fi shafa: leburori da birkiloli da kafintoci da 'yan tireda da ƙananan ma'aikata, Hausawa da Ibo da Yarbawa da Tibi, waɗanda hannuwansu suka gina birnin amma ba su iya biyan hayarsa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce dubban ɗaruruwan mutane ne suka rasa matsuguni. Hukuma tana da hujjarta, domin an yi gini a kan hanyoyin ruwa da filayen da aka keɓe don tituna, kuma birnin da ba tsari ƙarshensa irin cunkoson da aka guda a Ikko. Amma mutumin da aka kira ɗan kama-wuri-zauna, sau da yawa kuɗi ya biya ya sayi filin daga hannun wani mai unguwa, bai san takardar ba ta da amfani ba. Daga 2014 kuma sai ga mutanen Gwoza da wasu sassan Borno, waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, sun kafa bukkokin leda da buhu a Durumi da Kuchingoro da Wasa. Yanzu a gari ɗaya akwai wanda birni ya kora, da wanda katafila ta kora, da wanda bindiga ta kora, kowa yana ganin nasa ciwon ya fi na kowa.

BAKOLORI DA HANYAR FILIN JIRGI

Rashin sauraren mutane yana da tsada, kuma Arewa ta taɓa biya. A watan Afrilu na 1980, manoman da aikin madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara ya raba da gonakinsu sun tare hanyoyin aikin saboda zancen diyya da suka daɗe suna kuka a kai. Aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da dama, har yau kuma sunan Bakolori bai rabu da wannan rana ba.

A 2019 an ga wani abu dabam a Abuja. 'Yan asalin yankin sun tare hanyar filin jirgin sama suna kukan cewa sojoji na mamaye musu filaye, sai ga ayarin motocin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo. Jami'an tsaro suka yi ta fama mutane suka ƙi gusawa. Da ya sauko daga mota ya shiga cikinsu ya saurare su, ya yi alkawarin duba maganar, sai suka buɗe hanya. Saukowarsa ba ta mayar wa kowa da gonarsa ba, rikicin filaye kuma bai ƙare ba. Duk da haka ta nuna cewa rabin fushin mutanen da aka tayar, fushin rashin a dube su ne a matsayin mutane.

TAUSAYI DA KARA

Bahaushe ya bambanta tausayi da kara. Mai tausayi yakan ga mutum cikin wahala ya ce “wayyo”, ya miƙa masa abin da ya sawwaƙa ya wuce. Mai kara kuwa tun kafin ya yi magana ko ya ɗauki mataki yake auna yadda abin zai sauka a zuciyar ɗan'uwansa. Mutanen Abuja na asali ba sadaka suke roƙo ba, kara suke nema, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba.

A ɓangaren hukuma, in dole ne a tashi ƙauye, a zauna da mutanensa tun ana zanen taswira, a yi magana da harshen da suke ji, a saurari mata da matasa, kada a tsaya ga sarki da 'yan majalisarsa kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kai su wuri ɗaya yadda dangi ba za su watse ba, a ba manomi gona tare da gida, a yi shawara da su kan kaburbura da wuraren ibadarsu. A gama sabon matsuguni da ruwansa da makarantarsa kafin a rushe tsohon. In rusau ya zama tilas, a ba da isasshen wa'adi, a guji tsakiyar damina da lokacin jarrabawar yara. Fiye da kome, in an yi alkawari a cika, domin abin da ya faru a Jibi ya sa duk ma'aikacin da ya shiga ƙauye da takarda yanzu, sai ya sha wuya kafin a gaskata shi.

A ɓangaren mazauna birni, abin ya fi sauƙi. A daina cewa ƙasar ba ta kowa ba ce, a ce ta kowa ce kuma tana da masu masaukin baƙi. A kira mutum da sunan da yake so. Wanda yake haya a Karu ko Nyanya ko Kubwa ko Lugbe, ya san mai unguwarsa, ya je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa kamar yadda zai yi a garinsu. In za a sayi doya ko itace wurin matar da ta taso daga ƙauye tun asuba, a taya da mutunci.

Su ma 'yan asalin akwai nasu nauyin. Ɗan garuwa da ɗan acaɓa da malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki daga Inugu ko Sakkwato, ba su ne suka rubuta dokar 1976 ba, abinci suka zo nema a babban birnin ƙasarsu. Shugabannin da ke sayar wa baƙi filin da suka san hukuma za ta rushe, suna jefa wani cikin irin ramin da su kansu suke kuka da shi.

An gina Abuja ne da sunan haɗin kan ƙasa, har ana yi mata kirari da Cibiyar Haɗin Kai a lambar motocinta. Birnin yana ci gaba da faɗaɗa ta wajen Kuje da Gwagwalada da Bwari, ma'ana akwai ƙauyukan da jan fenti bai kai gare su ba tukuna amma yana tafe. Abin da ya wuce a Wuse da Maitama ba ya dawowa. Waɗannan da suka rage kuwa, har yanzu akwai damar a zauna da su a tambaye su yadda suke ji da abin da suke so, kafin katafila ta iso.